Hutun Bango

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Tun hantsi iska take ɗaukewa, ganyen dogon-yaro ko motsi ba ya yi, kaji suna fakewa a gindin randa baki buɗe. Maƙwabcina yana gina wa ɗansa ɗaki da bulon siminti. Ran Asabar suka ja igiyar awon harsashi, ran Laraba bango ya kai wurin ɗora kwano. Amalanke ke kawo musu ruwa daga famfo, kafin magariba kuma ɗayansu ya hau babur ya sayo ƙanƙara a Ƙonni. Ba na kushe aikinsu. Siminti da nasa hali, ƙasa da nata. Sai dai shekaranjiya da na zo wucewa, na tsinci kaina na ɗora tafin hannu a jikin bangon na tsaya. Maginin ya ce, "Baba, lahiya?" Na ce lafiya lau. Ba magana ce ta tsaye ba, don haka zan rubuta ta a nan, daki-daki, yadda ta faru.

Sunan kakana Nomau, shi ya haifi babana. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Tsarnawa. Yana saurayi Nasara suka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙi bayan teku, ya yi shekara bakwai ba a san ko yana raye ba. Ya dawo da kwat guda, da lambobi biyu, da kunnen hagu da ba ya ji. Mutanen gari suna ce masa Sarsan, wato saje, shi kuwa da yake kofur ne kullum sai ya gyara musu: "Kaporal nike. Kada ku ba ni abin da ba a ba ni ba." Gini ya gada wurin ubansa, da ya dawo kuma shi ya kama. Masallacinmu na dā shi ya gina, da zauren mai gari, da ɗakuna da rumbunan ƙasa da ban san adadinsu ba. Ba ya labarin yaƙi. Abin da ya kawo daga can tsari ne, da wasu kalmomi na Faransanci da ya lanƙwasa su suka zama nasa.

A shekarar da nake magana ina da shekara ashirin da uku, shi kuwa ya haura saba'in. Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Gero ya ƙone a kara. Ruwan kirki sau ɗaya aka yi, shi ma ya ishe shi ya kayar da tsohon ɗakin da aka ba ni da na yi aure, muka koma bukkar kara ni da matata Hadiza. Babana da yayyena suka tafi cin rani kudu tare da yawancin mazan gari. Hadiza ta tafi gidansu, wani ƙauye wajen Dogarawa, don haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji. Aka yi suna, aka yi arba'in, ba a maido ta ba. Sai ga saƙo daga mahaifinta, Malam Idi: ɗiyarsa da jikansa ba za su yi damina a bukka ba. In an rufe ɗaki kafin ruwa ya zauna, a zo a yi magana. In ba haka ba, sai kaka.

Kowa ya san abin da ake faɗa a kan mutumin da matarsa ta yi damina a gidan ubanta. Na kai wa kakana saƙon yana zaune yana gyaran ƙotar gatari. Ya juyo mini da kunnen dama, na maimaita.

"Sai kaka yac ce?"

"Haka yac ce."

"To ga kakan. Tashi ka ɗauko magirbi da kwando." Ya dube ni sama da ƙasa. "Amma ka sani ba don kai zan yi ba. Amaryata zan gina ma ɗaki. Kai kurtu ne, lebura."

Haka yake kiran Hadiza, amaryarsa, wasan kaka da matar jika. Ni kuwa tun ina rarrafe kurtu yake ce mini.

Saura kwana goma sha biyu a ga watan azumi muka fara. Dokokinsa uku ne, kuma bai taɓa sassauta ko ɗaya ba. Ta farko, ƙasa sai ta ruɓa: a haƙo ta a kududdufi, a farfasa, a zuba ruwa, a haɗa da ƙaiƙayi da kashin jaki, a tattake, a rufe ta da tsohuwar zana ta kwana bakwai, har ta yi baƙi tana wari. Ta biyu, bangon gabas ya fi sauran kauri, domin daga gabas ruwa yake zuwa. Ta uku ita ce raho. Kalmar soja ce, ma'anarta hutu. In an jera tubali sahu biyu, sai a bar bango ya wuni ya kwana ba a taɓa shi ba, ya sha iska ya bushe, sannan a ɗora wani. Yakan ce sojan da ba a ba raho ba a tsaye yake mutuwa, bango ma haka. Duk garin sun ɗauki kalmar. Ko mace ta ajiye taɓarya sai ka ji ta ce ta yi raho.

Wahalar ba ƙasa ba ce, ruwa ne. Rijiyarmu ɗaya, mai zurfi ƙwarai, kuma a wannan bazarar kafin hantsi ta koma laka. Mata suna layi, makiyaya suna layi da 'yan shanun da suka rage musu, ni ma ina layi da jaki da tuluna huɗu. Wasu suna hararata, suna da gaskiya kuma: su na sha suke nema, ni ƙasa zan shayar. In guga ya fito rabi, sai a jira rijiya ta tara. Tafin hannuna ya tsattsage da igiya har ba na iya dunƙule shi.

Da azumi ya kama, ga yadda yini yake tafiya. Sahur, fura ce tsararo ba nono, kakata Hajo tana dama ta da ruwa mai yawa don ta kai mu uku. Bayan asuba rijiya. Da rana ta ɗaga kaɗan sai cuɗa ƙasa da murza tubali, shi yana murzawa ni ina jerawa a rana. Hantsi ya yi zafi, ya ce raho, mu shiga zaure mu kwanta a ƙasa, kowa da jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji in an samu ruwan jiƙawa. Daga azahar zuwa la'asar ba mai magana. Harshe yakan manne da ganɗa, yawu ya zama kamar ƙaro. Bayan la'asar mu koma har rana ta yi ja. Buɗa baki kunun jar dawa ne ta rabon taimako, da dilo, wato 'ya'yan anza da Hajo take jiƙawa kwana da kwanaki tana sake ruwa don ɗacin ya fita. Bai taɓa fita duka ba. Har yau in na tuna shi sai na ji shi a maƙoshi.

Hajo takan dube mu mu biyu, fururu da ƙasa, ta ce, "Mazana biyu, ba wanda ya iya kawo min ko ƙwaryar nono."

Kakana ya ce, "Tambayi ƙaramin. Ni na yi ritaya."

Ran goma ga azumi bango ya kai ƙirjina ta kowane ɓangare. A ranar ne kakana ya ce zai tafi Ƙonni. Akwai takardar da tsofaffin sojoji suke sa wa hannu a buro, wato ofishin hukuma, don a san suna raye, kuma dole mutum ya je da ƙafarsa. Ya sa kwat ɗinsa a cikin wannan zafi, ya maƙala lambobinsa, ya ɗaura rawani. Kafin ya hau jaki ya zagaya ginin sau ɗaya.

"Kwana biyu zan yi. Yau raho. Gobe sahu biyu, da ƙasar da ke ƙarƙashin zana ta yamma. Ta gabas jiya anka jiƙa ta, kada ka taɓa. Ka ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

Na maimaita masa kamar ɗan lakwal mai biya karatun boko, sannan ya tafi.

Da la'asar ɗin ranar hadari ya haɗu a gabas. Baƙi ne, mai tushe, har da walƙiya a gindinsa. Iska ta juyo da wani sanyi da muka manta da shi. Tsofaffi suka fito ƙofar gida suna kallo. Bai zubar ba, ya watse kafin magariba, amma ni zuciyata ba ta watse ba. Na yi lissafi: in muka bi tsarin tsoho, saura kwana goma sha ɗaya kafin a kai ga rufi. In ruwa ya sauka a kan bango ba rufi, zai narke. In kuma ya sauka da ƙarfi, kowa gona zai nufa, ba mai ɗaga mini azara.

Washegari tun da sassafe na hau. Na ƙarar da ruɓaɓɓiyar ƙasar a sahu biyu na yamma da kudu da arewa, yadda aka ce. Sannan na yaye ɗaya zanar. Ƙasar ja ce har yanzu, ba ta ko fara wari ba. Na ce a raina ƙasa ƙasa ce. Na ɗora wa bangon gabas sahu biyu, na ƙara biyu, bayan la'asar na ƙara ɗaya. Ban yi raho ba ko na hantsi. Na shafe bayansa da hannu ya yi sumul. Zafin ranar ya busar da fatarsa nan da nan, ya yi fari kamar wanda ya kwana uku. Hajo ta fito da ƙwarya, ta tsaya ta duba, ta ce, "Angona, wanga bango ya yi saurin girma."

Kakana ya dawo da hantsin rana ta uku. Bai cire kwat ba, bai shiga gida ba. Ya ɗaure jaki ya nufi ginin. Ya bi yamma, ya bi arewa. Da ya zo gabas ya tsaya. Ya ɗora tafin hannunsa a sahun sama, ya daɗe. Sannan ya kara kuncinsa.

"Zo nan. Sa hannunka."

Na sa.

"Mi ka ji?"

"Ba komi."

"Sa a na yamma, ka dawo."

Na yamma zafi rau, kamar murhu. Na gabas kuwa da sanyi-sanyi a ƙarƙashin zafin.

"Bangon da ya yi sanyi da bazara, ruwa ya ɓoye a ciki," in ji shi. "Sahu nawa?"

"Biyar."

"Da wace ƙasa?"

Na nuna masa zanar gabas.

"Sauke shi."

Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na ce ba zan sauke ba. Na ce ya ga hadarin shekaranjiya ko bai gani ba? Na ce tulu nawa na ja da hannun nan, ina azumi, ya ce in zubar? Na ce shi ya riga ya yi nasa zamanin, matarsa tana ɗakinta, ni tawa tana gidan wani ana ƙirga mini kwanaki. Na ce, "Tsoho, nan ba bariki ba ne." Muryata ta tashi har maƙwabta suka leƙo.

Ya cire kwat, ya ninke, ya ɗora a kan turmi, lambobin suna sama. Ya jawo tsani ya hau. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, ya yi tafiyar jaki tun asuba, bakinsa da azumi. Ya sa hannu biyu ya ɓamɓaro tubalin farko. Ƙasar da ke tsakani ta biyo shi, danƙo-danƙo, jiƙe sharkaf. Ya miƙo mini, dole na karɓa. Ya ciro na biyu. A na huɗu ne ya yi magana, bai dube ni ba.

"Can inda anka kai mu, an taɓa sa mu mu yi maɓoya cikin gaggawa. Ƙasar jiƙaƙƙa ta. Na ce a bari ta sha iska, anka ce ba lokaci. Ni na jera itacen, ni na ɗora ƙasar. Mutum huɗu munka shiga. Biyu munka hito. Ɗaya cikin biyun da sunka rage ciki ɗan Illela ne, tare munka taka tun daga nan. Ba harsashi ya kashe shi ba." Ya miƙo mini wani tubalin. "Jinjiri za ka kwantar gindin wanga bango. In azara ta hau kansa da nauyin rufi, ba yau zai faɗi ba. Sai tsakiyar damina."

Wannan ne kaɗai labarin yaƙi da na taɓa ji daga bakinsa. Na ce ya sauko. Ya ce bai gaji ba. Na riƙe tsanin na ce, "Kaka, don Allah sauko." Ya sauko, na hau. Kafin azahar na sauke sahu biyar ɗin da hannuna. Ina saukewa ina kuka, amma jikina ba ruwan da zai yi hawaye.

Mun yi asarar kwana shida, don dole a jira ƙasar ta ruɓa. A cikin kwanakin nan bai sake tayar da maganar ba. Abin da ya yi shi ne, bayan la'asar ya ɗauki sanda ya bi gari gida-gida. Bai roƙi kowa ba. Zai yi sallama, ya dubi ɗakin da ya gina wa masu gidan, ya tambaya ko yana yoyo, sannan ya ce ranar kaza zai yi rufi. Daga washegari mata suka fara zuwa. Kowace in ta dawo daga rijiya sai ta tsaya ta juye rabin tulunta a kan ƙasarmu ta wuce. Har waɗanda suke hararata a layi. Wata tsohuwa da ba ta iya ɗaukar tulu, da ƙwarya ta kawo nata. Ta ce mini, "Ba don kai ba. Rumbuna shekara ashirin, ko ɓera bai shiga ba."

Muka tayar da bangon gabas, sahu biyu, raho, sahu biyu, raho. Sau biyu hadari yana haɗuwa yana watsewa. Ni ina kallon sama, shi yana kallon bango.

Ran ashirin da bakwai ga azumi aka yi gayyar rufi. Mazan da suka rage a gari tsofaffi ne da marasa lafiya da mu 'yan kaɗan, amma sun zo, har liman. Azarar tsohon ɗakin muka tono, kakana ya ƙwanƙwasa kowace da gatari, ya fitar da uku da gara ta ci, ya cike da uku daga rumfarsa. Shi bai hau ba. Ya tsaya a ƙasa da sanda yana ba da oda, yana ƙirga wa masu ɗagawa da Faransancinsa, tsofaffi suna dariya suna cewa yau an mayar da su soja ba kaki. Aka jera azara, aka shimfiɗa ƙirare da zana, aka yi ta miƙa curin ƙasa hannu da hannu, ina sama ina dakawa da ƙafa. Aka kafa indararo ta yamma. Ba abincin gayya, kowa da azumi, kuma ko ba azumi babu. Da magariba Hajo ta fito da kunu a babbar ƙwarya, ludayi ɗaya yana zagayawa.

Kwana biyu bayan salla ruwa ya zo, da azahar. Iska ta fara, ja wur, ta kwashe bukkata ta watsa karan a gonar bayan gida. Sai ƙamshin ƙasa. Sai ɗigo manya-manya masu zafin duka. Yaɓen bangon gabas bai gama bushewa ba, muka jingina masa zana biyu muka tokare da itace. Daga nan kakana ya ɗauki kujerar Hajo ya shiga sabon ɗakin. Al'adarsa ce: duk ɗakin da ya rufe, shi yake zama a ciki a ruwan farko kafin mai shi ya shiga. Ya ajiye kujerar daidai gindin bangon gabas ya zauna ya jingina.

Na tsaya a ƙofa ruwa yana dukan bayana.

"Shigo ko ka fita," in ji shi. "Kana tare min haske."

Na shiga na tsuguna kusa da shi. Muna jin ruwa yana bugun bangon ta baya kamar ana watsa tsakuwa, indararo yana zuba. A kusurwar arewa wuri ɗaya ya fara ɗiga. Ya miƙa sanda ya yi masa alama a ƙasa, ya ce gobe in hau da curi biyu. Shi ke nan. Da ruwan ya tsagaita ya tashi, ya dafa kafaɗata don gwiwarsa ta riƙe, muka fito. Gari duk kwaɗi da ihun yara.

Shuka ta fara. Kwana uku muna gona, ni ina sara da sungumi, shi da Hajo suna bina suna zuba iri suna takewa. A rana ta huɗu, kafin mu aika, sai ga Malam Idi da kansa a kan jaki, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Kowa ya san ba wata hanya da take biyowa ta garinmu. Na gaishe shi daga nesa, na cire takalmi na tsuguna a gefen turken awaki, kamar yadda ya kamaci suruki.

Bayan sun gaisa da kakana ya ce a nuna masa ɗakin. Ya shiga, ya ɗaga kai ya ƙirga azara. Ya fito ya zagaya baya, ya dubi inda ruwa ya bugi yaɓe, ya auna kaurin bangon da hannunsa, kamu ɗaya da rabi. Ya daɗe a wurin.

"Sarsan, hannunka bai tsufa ba."

"Kaporal," in ji kakana. "Kuma wanga bangon ba ni na gina shi ba."

"Wa ya gina?"

Kakana ya nuna ni da sanda, ina tsugune kaina a ƙasa.

"Ga shi can. Shi ya gina shi. Sau biyu."

Malam Idi ya dubi kakana, ya dube ni, bai tambayi abin da ake nufi ba. Ya ce a shimfiɗa daɓe, a yi hayaƙi a ciki don danshi, ran Lahadi za a kawo su.

Ran Lahadi da hantsi amalanke ya tsaya a ƙofar gida, gero ya fito kunne biyu a gonaki. Hadiza ta sauko, ta rame, ni ma na rame, muka dubi juna muka kau da kai. Ɗan fari ne, ba ni da fuskar ɗaukarsa a gaban mutane. Kakana ya goge hannuwansa a riga, ya karɓi yaron daga hannun Hajo, ya ce, "Amarya, biyo ni ki ga ɗakinki." Ya sunkuya a ƙofar, ya yi bismilla, ya shiga da shi.